Sharhin makon farko ba shi ne hukuncin shiri ba

Mutane da yawa sun ɗauka abin da masu sharhi suka rubuta a makon da shiri ya fito shi ne matsayinsa har abada. Ba haka ba ne, musamman a katun ɗin barkwanci na manya.

Dubi BoJack Horseman, wanda Netflix ta saki a Agustan 2014. Zangon farko kashi 12 ne, amma 6 na farko aka ba masu sharhi su kalla. Abin da suka gani shi ne wani doki mashayi, tsohon tauraron talabijin, yana ta shaƙiyanci, sai da yawansu suka ce babu sabon abu. Ashe da sauran rina a kaba. Daga rabi na biyu labarin ya juya zuwa ciwon damuwa da kaɗaici da nadama. Har yau ina jin kashi na 11 a raina, inda dokin, wato BoJack, yake roƙon Diane, mai rubuta masa tarihin rayuwarsa, ta ce masa shi mutumin kirki ne, ita kuwa ta yi shiru.

Wannan ya sa shafin sharhin fina-finai na IndieWire ya koma kallon zango sukutum kafin ya yi sharhi. Da shirin ya ƙare a 2020, bayan zango 6, masu sharhi na lissafa shi cikin fitattun shirye-shiryen zamaninsa.