"Kun makara," in ji su. Da wuri a ina?

Babu maganar da ke ƙona min rai irin wadda ake jefa wa iyaye a asibiti: "Me ya sa ba ku kawo shi da wuri ba?" Da wuri a ina? Mu da ke Mai Wurno da ƙauyukan Sinnar a nan Sudan, in aka haifi jariri da fari a tsakiyar ƙwayar ido, wa zai duba shi?

Yanar idon jariri ba irin ta tsoho ba ce. Tsoho ya jira shekara, a cire, ya gani. Jariri kuwa in ba a yi masa aiki a watanninsa na farko ba, ƙwaƙwalwa ba ta koyon gani da idon, ko an cire daga baya sai dai a yi haƙuri. Kuma aikin yaro sai an sa shi barci, sai da likitan da ya san idon yara. Tun kafin yaƙi, yawancinsu a Khartoum suke. Yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, aka koma Madani, ita ma ta faɗa hannun mayaƙan RSF a Disamba, Sinja, babban birnin jihar Sinnar, ta bi a Yunin 2024. An ƙwato garuruwan, amma likitan da ya tsallaka Masar ko Saudiyya ba ranar zai dawo ba.

Masu aikin ido kyauta, Allah Ya saka musu, tsofaffi suke yi wa. Ki miƙa yaro, a ce ki kai shi birni. Da kuɗin motar wa?

Sai mutane su koma kantin magani. Ɗan ƙanwata, duk rani idonsa ja wur, yana sosawa har fatar ta kumbura, da safe sai an jiƙa tsumma an goge kwantsa kafin ya buɗe. Mai kanti ya ba su wani ɗigo, kwana biyu ido ya washe, uwar tana ta sa masa albarka. Suka yi ta saye, ba takarda, ba tambaya. Ashe irin ɗigon nan ne mai sitiroyid, maganin kwantar da kumburi, wanda in an daɗe ana sa shi yake hawar da jinin ido. Ranar da aka samu aka auna shi, faɗa aka rufe ta da shi, ita da ta sayar da akuyarta ta kawo shi. Wallahi da ina wurin da ba a rabu lafiya ba.

Ga dundumi ya dawo. Yaro ya tashi daga ƙyanda, magariba ta yi yana laluben bango, alhali ɗan jan ƙwanson bitamin A da ake matsa wa yara a baki ya isa ya tare shi. Yaushe rabon da masu rabawa su bi gida-gida a unguwarku?

Tabarau ma haka: yaro ya girma lamba ta canza, ko ya faɗi gilashi ya fashe, shi ke nan, ya koma bayan aji ana ce masa daƙiƙi. Ku hukumomin lafiya, ku koya wa ungozoma da malaman makaranta duba ido, ku turo likitan yara Sinnar ko sau ɗaya a wata. In kun yi haka muka makara, ku zage mu.