Binciken tsufa: yawan ambaton maƙala bai kai ƙarfin hujjarta ba

Mai nazarin ƙwayoyin cuta yana iya ganin sakamakon gwajinsa cikin kwana biyu. Mai son sanin ko wani magani yana ƙara wa ɓera tsawon rai kuwa sai ya zauna jiran ɓerayensa su mutu ɗaya bayan ɗaya, kuma ɓeran ɗakin gwaji yakan kai shekara biyu da rabi zuwa uku. Ke nan idan wani masani ya fito da da'awa yau, wanda zai sake gwajin don ya gaskata shi ko ya ƙaryata shi ba shi da ta cewa sai bayan shekara uku ko huɗu. Kafin nan wasu masana sun ambaci maƙalar farko a rubuce-rubucensu sau ɗaruruwa, an kafa kamfanoni a kanta, ɗalibai sun kare digirinsu da ita. Wannan tazarar ce ta sa ƙidayar ambato, wadda jami'o'i da masu ba da kuɗin bincike suke auna tasirin masani da ita, take yaudara a wannan fage fiye da sauran fagage.

Labarin resveratrol, wani sinadari da ake samu a ɓawon inabi, ya isa misali. A 2003 ayarin da David Sinclair na Jami'ar Harvard yake ciki ya wallafa a mujallar Nature cewa sinadarin yana zaburar da wani furotin mai suna SIRT1, yana kuma ƙara wa ƙwayar yis tsawon rai. A 2006 aka biyo da rahoton cewa ya taimaki ɓerayen da aka ɗora a kan abinci mai yawan kitse. A 2008 kamfanin GlaxoSmithKline ya sayi Sirtris, kamfanin da aka kafa a kan wannan bincike, a kan dala miliyan 720. Alhali tun 2005 wasu ɗakunan gwaji biyu sun nuna inda gizo ke saƙar. A gwajin da aka auna zaburar da SIRT1, an maƙala wa guntun furotin ɗin da ake gwadawa wani sinadari mai ƙyalli don na'ura ta iya ganinsa. Da aka cire mai ƙyallin, sai zaburarwar ta ɓace. Masana kamfanin Pfizer sun sake samun haka a 2010. Gaskiya ne ayarin Sinclair ya mayar da martani a 2013 da hujjar cewa zaburarwar tana faruwa a kan wasu nau'o'in furotin na asali, kuma muhawarar sinadaran ba ta mutu ba. Amma a shekarar ce GlaxoSmithKline ya rufe ofishin Sirtris, kuma da aka ba ɓeraye masu cin abinci na yau da kullum resveratrol a babban gwaji, ransu bai ƙaru ba.

A ɓangaren tsutsa ma an ga irin haka. A 2001 an ruwaito cewa ƙara yawan ƙwayar gadon sir-2.1 yana tsawaita ran tsutsar C. elegans da kusan rabi. Shekara goma bayan haka, a 2011, ayarin David Gems da Linda Partridge a Landan ya yi abin da ya kamata a yi tun farko: ya yi ta barbarar tsutsar da aka sauya wa gado da tsutsar asali har sai da bambancin da ya rage tsakaninsu ya zama ƙwayar gadon da ake magana a kanta kawai. Sai ƙarin ran ya gushe. Ashe wani sauyin gado ne daban, da ya shiga tsatson ba da sanin kowa ba, yake tsawaita ran. Ayarin da ya yi aikin farko ya sake aunawa, ya ce akwai ƙari amma ɗan kaɗan ne. Shi ya sa duk mai karanta maƙala a kan ran tsutsa ya kamata ya duba ko an yi wannan barbarar tsarkake tsatso, wadda aka saba yi sau biyar ko shida. Ya kuma duba zafin da aka ajiye tsutsar, domin a digiri 20 ranta ya fi na digiri 25 tsawo. Sannan ya tambayi ko maganin a jikin tsutsar ya yi aiki ko a jikin bakteriyar da take ci: a 2013 an nuna cewa metformin, maganin ciwon sukari, yana tsawaita ran tsutsa ne ta hanyar sauya yadda bakteriyar abincinta ke sarrafa sinadarin folet.

Babu laifi masani ya yi kuskure, da haka ilimi yake tafiya. Abin dubawa shi ne yadda ake raba lada. Maƙalar da ta yi da'awa ana ci gaba da ambatonta a gabatarwar kowane sabon rubutu, ita kuwa wadda ta gyara kuskuren sai ƙwararru kaɗan suke tunawa da ita. Na'urar ƙidaya ba ta bambance wanda ya ambace ka don ya yarda da kai da wanda ya ambace ka don ya rushe maganarka.

Aikin da ya fi cancantar a kira shi mai tasiri, a ganina, shi ne shirin gwajin magunguna na Cibiyar Nazarin Tsufa ta Amurka, wanda aka fi sani da ITP, da ya fara aiki a farkon shekarun 2000. Tsarinsa ne abin koyi. Ana yin kowane gwaji a wuri uku lokaci guda: Jackson Laboratory a jihar Maine, Jami'ar Michigan, da cibiyar kiwon lafiya ta Jami'ar Texas a San Antonio. Ɓerayen da ake amfani da su, masu suna UM-HET3, jikokin tsatso huɗu ne daban-daban, don haka kowane ɓera gadonsa daban yake, kamar yadda mutane suke. Ana sa maza da mata, kusan hamsin na kowane jinsi a kowace cibiya, rukunin da ba a ba magani ba kuma ya ninka haka. An tsara adadin ne yadda za a iya gano ƙarin rai na kashi 10 cikin ɗari. Abu mafi muhimmanci: ko magani ya yi aiki ko bai yi ba, ana wallafa sakamakon.

Daga wannan shiri ne sakamakon rapamycin, maganin da ake ba waɗanda aka yi wa dashen wani sashen jiki, ya fito a 2009, kuma hanyar da ya bi tana da ban sha'awa. Da aka cuɗa maganin da abincin ɓeraye sai aka ga yawancinsa yana lalacewa kafin ya isa jini. Kafin a gama ƙera masa rufin da zai kare shi har ya wuce tumbi ya narke a hanji, ɓerayen da aka tanada sun kai kwana 600, wato sun manyanta. Aka ce a ba su haka nan. Duk da haka, shekarun da kashi 90 na ɓerayen suke mutuwa kafin su kai sun ƙaru da kashi 14 ga mata da kashi 9 ga maza. Da aka ninka yawan maganin sau uku daga baya, daga kashi 14 cikin miliyan na abinci zuwa 42, matsakaicin tsawon rai ya ƙaru da fiye da kashi 20 ga jinsin biyu. Cikin sauran magungunan da aka gwada, acarbose ya fi yi wa maza aiki, canagliflozin da 17-alpha-estradiol kuma maza kawai suka amfana. Resveratrol bai yi komai ba. Haka nicotinamide riboside, haka fisetin, haka metformin idan aka ba da shi shi kaɗai. Wanda ya dubi abin da ake tallatawa a matsayin maganin tsufa zai ga sunayen da suka faɗi wannan jarrabawa su ne suka fi cika kasuwa.

Ko rage abinci, wanda Clive McCay ya nuna tun 1935 cewa yana tsawaita ran ɓeraye, bai tsira daga wannan darasi ba. A 2010 an gwada shi a kan tsatson ɓeraye 41, sai ya gajarta ran tsatso da yawa fiye da waɗanda ya tsawaita wa. Manyan gwaje-gwaje biyu a kan birai ma sun saɓa wa juna: na Wisconsin ya ga amfani a 2009, na Cibiyar Nazarin Tsufa bai ga ƙarin rai ba a 2012. Da aka zauna aka kwatanta, sai aka ga abincin biran Wisconsin yana da sukari kusan kashi 28 cikin ɗari, na ɗaya cibiyar kuwa bai kai kashi 4 ba, kuma biran da ba a rage wa abinci ba a Wisconsin an bar su suna ci yadda suka ga dama. Wani lokaci abin da ake kira tsawaita rai ceto ne kawai daga mummunan abinci. Don haka abin da za a fara dubawa a kowace maƙalar ɓeraye shi ne ran rukunin da ba a ba komai ba. Idan ya gaza abin da aka san tsatson yana kaiwa, to akwai alamar tambaya a kan duk ƙarin da aka ce an samu.

Maƙalar da kusan kowa yake ambata a wannan fage ba rahoton gwaji ba ce ma. A 2013 Carlos López-Otín da Maria Blasco da Linda Partridge da Manuel Serrano da Guido Kroemer suka wallafa a mujallar Cell wani bita da ya jera alamomin tsufa guda tara, irin su lalacewar DNA, gajarcewar telomiya (murfin da ke kare bakin zaren DNA), raunin mitokondiriya (masu samar wa ƙwayar halitta kuzari) da taruwar ƙwayoyin halittar da suka daina rabuwa. A 2023 suka mayar da su goma sha biyu. An ambace ta fiye da sau dubu goma. Ta yi amfani wajen koyarwa, ta kuma ba masu neman kuɗin bincike yaren da za su yi magana da shi. Sai dai jeri ne, bai faɗi wanne ne sanadi wanne ne sakamako ba, kuma Gems da João Pedro de Magalhães sun yi mata wannan suka a 2021. Yawancin masu ambatonta a jimlar farko suke sa ta, kamar sallama, sannan su wuce.

Yanzu kuma hankali ya koma kan agogon tsufa. A 2013 Steve Horvath ya nuna cewa idan aka auna yadda wani ɗan sinadari, methyl, ya manne a wurare 353 na DNA, ana iya kintatar shekarun mutum da kuskuren da bai wuce shekara uku zuwa huɗu ba a matsakaici. Daga nan aka samu wasu agogunan: PhenoAge a 2018, GrimAge a 2019, DunedinPACE a 2022. Dalilin farin jininsu a fili yake: sun yi alkawarin kawar da matsalar jira. A ɗibi jini yau, a sake ɗiba bayan shekara, a rubuta maƙala. Amma a 2022 an nuna cewa idan aka raba jinin mutum ɗaya gida biyu aka auna, wasu agogunan suna iya ba da bambancin da ya kai shekara tara. Yawan nau'o'in fararen ƙwayoyin jini a ranar da aka ɗibi jinin ma yana motsa lissafin. To wanda ya ce maganinsa ya rage shekara biyu ga mutum goma, ba tare da rukunin kwatance ba, me ya auna? A gwajin CALERIE, inda aka nemi mutane su rage kashi 25 na abincinsu na shekara biyu amma suka iya kusan kashi 12, DunedinPACE ya nuna ɗan sassauci na kashi 2 zuwa 3, PhenoAge da GrimAge kuwa ba su nuna wani sauyi ba. Mutane ɗaya, jini ɗaya, amsa biyu.

Ƙwayoyin halittar da suka daina rabuwa ma suna da irin wannan matsalar awo. Rinin da aka fi gane su da shi tun 1995 yana kama ƙwayoyin da suka cunkushe a faranti ko da lafiyarsu ƙalau, yana kuma kama wasu ƙwayoyin garkuwar jiki. Aikin Mayo Clinic na 2011 da 2016, wanda ya nuna cewa share waɗannan ƙwayoyi yana amfanar ɓeraye, aiki ne mai nauyi. Amma da kamfanin Unity Biotechnology ya kai maganinsa ga masu ciwon gwiwa, gwajin bai yi nasara ba a 2020.

Kuɗi ma sun bi suna. Google ya kafa kamfanin binciken tsufa na Calico a 2013, an ƙaddamar da kamfanin Altos Labs a 2022 da dala biliyan 3, mafi yawan hankalinsa a kan mayar da ƙwayar halitta ƙuruciya da sinadaran Yamanaka, wato wasu furotin huɗu da ke iya mayar da ƙwayar halittar da ta girma kamar ta ɗan tayi. Dabarar tana da tushe, amma siraɗi ce: idan aka bar sinadaran suna aiki ba tsayawa, ƙari yana fito wa ɓeraye a jiki ko su mutu, shi ya sa a gwajin 2016 aka riƙa kunna su kwana biyu a kashe kwana biyar, kuma ɓerayen da ransu ya ƙaru a wannan gwaji masu ciwon tsufan wuri ne. A gefe guda, gwajin TAME da Nir Barzilai ya tsara, wanda zai ba mutum 3,000 masu shekara 65 zuwa 79 metformin na kimanin shekara shida, ya shafe shekaru yana neman cikon kuɗi, domin magani ne mai arha da babu kamfanin da ke da mallakarsa shi kaɗai.

Abin da masu raba kuɗin bincike da kwamitocin ƙarin girma za su iya yi bai da wuya. Su ware kaso na musamman don maimaita gwajin tsawon rai a cibiyoyi fiye da ɗaya, da dabbobi masu gado daban-daban, maza da mata. Su sa a rubuta tsarin gwaji da adadin dabbobi kafin a fara, a kuma saki ranar mutuwar kowace dabba don wani ya sake lissafin. Mujallar da ta buga da'awa ta ɗauki nauyin buga gwajin da ya kasa maimaita ta, ta kuma haɗa su a shafi ɗaya. Idan kuma ana duba takardun mai neman zama farfesa a wannan fage, a tambaye shi sakamako nawa daga cikin nasa wani ɗakin gwaji da ba shi da alaƙa da shi ya sake samu.