Ki Bi Sawunsa

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan'uwa.

Makon jiya aka yi sunan ɗan ƙanwata. Ran bakwai aka yi masa yanka, aka aske masa kai, aka raɗa suna, kamar yadda ya zo a hadisin Samura ɗan Jundub da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Gida ya cika maƙil, har da waɗanda rabonmu da su tun bikin auren ita mai jegon. Washegari baƙi ba su gama watsewa ba, yara suka matsa sai an kai su kogi. Muka kwashe su muka tafi.

Muna tsakiyar ruwa a kwale-kwale, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto, sai Goggo ta juyo ta ce, "Ni kam, wa ya je wurin Baffa a cikinku?"

Shiru. Sai ƙarar ruwa a jikin katako.

Baffa wan mahaifinmu ne, ciwon ƙafa ya kwantar da shi shekara biyu. Kowa ya ɗauka wani ya je. An dai tura sanarwar haihuwar a zauren dangi na WhatsApp, kuma lambarsa tana ciki, sai dai wayar tana hannun jikansa. Mutumin da ya yi wa yawancinmu huɗuba a kunne ranar da aka haife mu, a bakin maƙwabta ya ji an yi haihuwa a gidan ƙaninsa.

Ina kallon gaɓar kogin, sai kissar Annabi Musa (AS) ta faɗo mini. A Suratul Ƙasas, aya ta 7, Allah ya yi wa mahaifiyarsa wahayi: ki shayar da shi, idan kin ji masa tsoro ki jefa shi cikin kogi, kada ki ji tsoro, kada ki yi baƙin ciki, Mu za Mu mayar miki da shi. Alkawari ne daga Wanda ba ya saɓa alkawari. Duk da haka da akwatin ya bi ruwa, uwar ba ta naɗe hannu ba. A aya ta 11 ta ce wa 'yar'uwarsa, "Ƙussihi", wato ki bi sawunsa. Yarinyar ta bi, tana hangensa daga nesa, mutanen Fir'auna ba su sani ba. Da jaririn ya ƙi nonon kowace mace, ita ce ta matso ta ce, ko in nuna muku mutanen wani gida da za su raine muku shi? Ta haka aka mayar da shi ga uwarsa, hankalinta ya kwanta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai yana Suratu Ɗaha, aya ta 40. Allah yana tuna wa Musa ni'imomin da ya yi masa, sai ya ce, "Iz tamshi ukhtuka", lokacin da 'yar'uwarka take tafiya. Tafiyar ƙafa. Alƙur'ani bai faɗi sunanta ba, amma ya ambaci tafiyarta, kuma ana karanta ta a cikin salla har ranar da za a tashi duniya. Allah mai iko ne ya mayar da yaron ba tare da kowa ya motsa ba, sai ya ga dama ya bi da alkawarinsa ta ƙafar 'yar'uwa. Da magabata suka ce zumunta a ƙafa take, ba su faɗi banza ba.

Mu kuwa zumuncinmu ya koma na ranar taro. Ran suna muna nan, ran saukar karatu muna nan, ran ɗaurin aure mun yi ado mun jeru a hoto, ran rasuwa mun zauna a tabarma. Duk alheri ne, Allah ya ba da lada. To amma ranakun taro nawa ne a shekara? Sauran ranakun, da babu gayyata kuma babu mai ɗaukar hoto, a nan tsoho yake kwana da ciwo, a nan gwauruwa take lissafin abin da za ta yi da marayu. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancin zuwanmu biki ramuwa ce: ta zo nawa, zan je nata. Manzon Allah (SAW) ya ce, a hadisin Abdullahi ɗan Amr da Bukhari ya ruwaito, mai sada zumunci ba shi ne mai ramawa ba, mai sada zumunci shi ne wanda idan aka yanke masa zumunci sai ya sadar. Baffa ba zai taɓa rama ziyararka ba, ƙafar ba ta ɗaukarsa. Wannan ziyarar ce babu komai a cikinta sai Allah.

Mai cewa neman abinci ya hana shi, ya tuna hadisin Anas ɗan Malik a Bukhari da Muslim: wanda yake son a yalwata masa arzikinsa, a tsawaita masa kwanansa, ya sada zumuncinsa. Abin da kake gudu kana nema, ga inda aka ajiye shi.

Kada a ce na hana fita shan iska. Allah da kansa ya ce a Suratu Ibrahim, aya ta 32, ya hore mana koguna. Yaran nan sun ga kifi yana tsalle, sun san 'yan'uwansu da a da sai dai a waya, kuma abin da ya shiga zuciyar yaro a irin wannan rana yana daɗewa. Abu biyu kawai zan ja kunne a kai. La'asar ta kusa kuɓuce mana, alhali muna zaune a kan ruwan alwala. Annabi (SAW) ya kwatanta salloli biyar da kogin da ke ƙofar gidan mutum, yana wanka a cikinsa sau biyar kullum, ya tambayi sahabbai ko wani datti zai saura a jikinsa. Abin kunya ne a je kogin duniya a manta da wancan. Sai kuma lafiyar yara: a karanta "Bismillahi majreha wa mursaha" yadda Annabi Nuhu (AS) ya faɗa, sannan a sa musu rigar da ke hana nutsewa, kada a cika jirgi fiye da kima, kada a ɗauke ido daga kansu. Ruwa ba ya shawara. Ɗaure raƙuminka, sannan ka dogara ga Allah, haka Annabi (SAW) ya ce wa wani mutum a hadisin Tirmizi.

Da muka sauka gaɓa muka yi salla, Goggo ta ce ba wanda zai wuce gida. Muka biya muka ɗauko jaririn da izinin uwarsa, muka nufi wurin Baffa, mu goma sha wani abu, ƙafafunmu duk yashi. Bai yi mana faɗa ba, da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya sa aka tayar da shi zaune, aka ɗora masa yaron a cinya, ya tambayi sunansa sau biyu, ya daɗe yana yi masa addu'a. Da za mu tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, sai yaushe kuma?"

Na ce, "Ran Juma'a, Baffa, in sha Allah."

Yau Laraba. Ku taya ni da addu'a Allah ya ba ni ikon cikawa.