Ka karanta littafin kafin ka gayyaci mai shi

Hirar nan ta daren jiya da kuke ta yaɗawa abin kunya ce, kuma laifin ba na baƙuwar ba ne. Baiwar Allah ta kwashe shekaru tana tonon tsofaffin takardu, ta rubuta littafi sukutum a kan yadda duniya ta kawar da cutar agana, an gayyato ta, amma tambayar farko da aka yi mata ita ce wa take ganin zai ci zaɓe. Mai gabatarwar bai karanta littafin ba. Duk wanda ya saurara ya ji haka a muryarsa.

Abin da ya fi ƙona min rai, siyasar da yake nema tana cikin littafin. A 1958 wakilin Tarayyar Sobiyat, Viktor Zhdanov, ne ya kai shawarar kawar da agana gaban taron Hukumar Lafiya ta Duniya. Ana tsakiyar yaƙin cacar baka, amma Amurka da Sobiyat suka haɗa hannu a aiki ɗaya. Daga 1967 aka ƙara ƙaimi, aka koma bin sawun duk wanda ya kamu, ana yi wa na kusa da shi rigakafi. A Somaliya, a 1977, aka samu mutum na ƙarshe da ya kamu da ita ta yaɗuwa tsakanin jama'a, a 1980 aka shelanta ta ƙare. Ta yaya maƙiya biyu suka yarda da juna? Tambayar da ta kamata ke nan, kuma sai wanda ya karanta zai iya yin ta.

Na ga masu cewa ɗan jarida ba shi da lokaci. Brian Lamb na tashar C-SPAN a Amurka ya yi daga 1989 zuwa 2004 yana hira da marubuci ɗaya duk mako, awa guda cur, kusan marubuta 800, kuma yana karanta kowane littafi kafin a zauna. In ba ka da lokaci, rage yawan baƙi. Masu cewa jama'a ba sa son magana mai nauyi kuwa, Melvyn Bragg ya riƙa tara malaman jami'a a rediyon BBC daga 1998 zuwa 2025, suna tattauna tarihi da kimiyya da falsafa, shirin ya haura kashi dubu. Mutane na so. Ku daina ɗora wa masu sauraro lalacinku.

Ina son irin waɗannan hirarrakin har zuciyata, domin da yawanmu ta nan kaɗai muke jin masani ya yi bayani da bakinsa. Shi ya sa ɓata su yake min ciwo. A karanta littafin, shi ke nan roƙona.

Sannan don Allah masu tace sauti, ku cire kiɗan nan da kuke sakawa ƙarƙashin muryar baƙo. Dattijai masu raunin ji ba sa gane rabin abin da ake faɗa.