Tsohon soja mai tallar ashana da ƙafafun masu wucewa

'Yan uwana matasa, musamman masu zane da masu ɗaukar hoto, ina so mu yi nazarin aikin Otto Dix, Bajamushen da ya riƙe bindiga mai jigida a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya dawo gida ya tarar da tituna cike da abokan fagen fama waɗanda suka rasa gaɓoɓi. A 1920 ya zana wani makahon tsohon soja, ba hannu ba ƙafa, zaune a bakin titi yana tallar ashana, kare yana fitsari a kan dungun ƙafarsa. Dix bai nuna fuskokin masu wucewa ba, sai ƙafafunsu cikin kyawawan tufafi suna sauri su bar wurin, kuma a ganina waɗannan ƙafafu su ne ainihin abin da ya zana. A shekarar ne kuma ya zana tsofaffin sojoji uku suna karta, ɗaya ya riƙe katinsa da yatsun ƙafa, wani da baki, na uku da muƙamuƙin ƙarfe da lambar yabo a ƙirji, babu mai zama da su sai junansu.

Hukuma ba ta so wannan gaskiya ba. 'Yan Nazi, mabiyan Hitler da suka karɓi mulkin Jamus, sun kore shi daga koyarwa a birnin Dresden a 1933, sannan a 1937 suka baje ayyukansa a Munich cikin abin da suka kira lalataccen zane, suna zarginsa da wulaƙanta jaruman ƙasa.

Mu ma muna da sojojin da suka dawo daga Arewa maso Gabas da sanda ko keken guragu, kuma ranar 15 ga Janairu ta kowace shekara, wato ranar tunawa da sojoji, ana ajiye furanni ana sakin tantabaru, washegari kowa ya kama gabansa. Kada ku ɗauki hoton irin wannan bawan Allah ba tare da izininsa ba, ku watsa a Facebook domin a tausaya masa a yaba muku. Wannan ma wucewa ce da sauri. Ku gaishe shi, ku zauna, ku bari ya faɗi abin da ya ga dama ya kuma riƙe abin da ba ya son faɗa. Idan ya yarda ku zana shi, ku zana har da layin da yake bi wajen neman fanshonsa, da majalisar unguwa da ta daina aika masa katin ɗaurin aure.