Ranobe Ba Littafin Zane Na Yara Ba Ne

Abin yana damuna: da an ga ɗan littafin Japan mai hoton yarinya mai dara-daran idanu a bango, sai a ce ai littafin zane ne na yara. Ban ga laifin mai faɗin haka ba. Bangon ne ke ruɗarsa, kuma yawancinmu ta katun ɗin anime muka fara sanin labaran.

Amma ranobe, kamar yadda Japanawa ke kiransa, rubutun zube ne. Ka buɗe shi, shafi bayan shafi rubutu ne zalla. Hotunan 'yan kaɗan ne, masu launi a farko, sai baƙi da fari jefi-jefi a ciki. Wanda ake ba da labarinsa da zane shi ne manga. Sauƙin ranobe a harshensa yake, ga yawan hira tsakanin taurari, don matasa su karanta shi ko a cikin jirgin ƙasa.

Ɗauki littafin 86 na Asato Asato, wanda maɗaba'ar Dengeki Bunko ta fitar a 2017. Wata jamhuriya tana gaya wa jama'arta cewa injuna marasa matuƙi ne ke yaƙi, ba a rasa rai ko ɗaya. Alhali a cikin injunan akwai matasan ƙabilun da aka daina lissafawa a cikin mutane. Lena, jami'ar da ke ba su umarni daga nesa, ba ta ganin Shin, jagoran rundunar matasan, sai dai ta ji muryarsa yayin da abokansa ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma a haka shaƙuwarsu ta fara. Wannan nauyin ya fi ƙarfin ƙaramin yaro. Katun ɗinsa ma sai a 2021 ya fito, shekara huɗu bayan littafin.