Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as

Ban kira sunan kowa ba, kuma ba zan kira ba. Amma tun ranar da kwamitin gasar ƙwallo ya zauna, akwai wani bawan Allah mai ƙungiya da bai bar teburin mai shayi ko guda a unguwa ba, yana ta rantsuwa wai an yi masa maƙarƙashiya, an ƙwace masa maki uku a kan tebur. To, ranka ya daɗe, wa ya kai makin kan teburin?

Wai alƙalin wasa bai faɗa masa yaronsa yana da katin gargaɗi biyu ba, abin da ke hana ɗan wasa buga wasa na gaba. Wai kwamiti bai aiko masa da takarda ba. Ikon Allah! Alƙali ya ɗaga kati a gaban jama'a, ya rubuta lamba, ya miƙa rahotonsa, aikinsa ya ƙare. Ƙirga kati aikin ƙungiya ne, na sakatare da manaja. Ni nawa littafin, irin na 'yan firamare ne, bangonsa har ya yage, kullum yana cikin ledar da nake zuba lasisin yara. Duk wanda ya karɓi kati, kafin in bar bakin fili na rubuta. Mutumin da nake magana a kai kuwa, babbar riga da waya biyu gare shi, biro ne dai babu.

Da a ce mantuwa ce ma, da mun yi masa uzuri, don manya sun yi ta. A Nuwamban 2017 Najeriya ta sa Shehu Abdullahi a wasan neman gurbin Kofin Duniya da Aljeriya a Constantine, alhali yana da katin gargaɗi biyu. An tashi 1-1, FIFA ta mayar da shi 3-0 ta ba Aljeriya, ta ci hukumar ƙwallon Najeriya, NFF, tarar kuɗin Suwizalan dubu 6. Allah ya taimaka mun riga mun samu tikitin Rasha. Afirka ta Kudu ma ta yi irinta da Teboho Mokoena a wasansu da Lesotho a Maris ɗin 2025, sun ci 2-0 a fili, aka karɓe makin. Duk a cikinsu, wa FIFA ta kama? Hukumar da ta rubuta sunan ɗan wasa a takarda. Ba a ce da alƙali uffan ba.

Sai dai na mutuminmu ba mantuwa ba ce. Wanda ya manta ba ya canza wa yaro riga. Makon da ya wuce lamba 6 yake sawa, ranar wasanmu sai ga shi da 14, da lasisin wani yaro a hannu. Da aka jera su ana duba hoto, sau biyu ana kiran sunan da ke jikin katin, yaro yana kallon takalminsa, sai da na kusa da shi ya zungure shi da gwiwar hannu sannan ya ce "na'am". Mai hoton ko gashin baki bai fara ba, wannan kuwa gemu har ya haɗe. Kyaftin ɗinmu ya rubuta ƙorafi kafin a take leda, muka biya kuɗin fom, muka buga wasanmu. Suka ci mu biyu da ɗaya, aka yi ta zagaye unguwa da babura ana hon.

Yanzu da abin ya juye, borin kunya ya tashi. Jiya alƙali ne, yau sakataren kwamiti ne, gobe wataƙila mai sayar da fiya wata a bakin fili. Mu kuma an ce mana matsorata, ba ma iya ci sai a ofis.

Wanda nake tausayi yaron ne. Wasa ɗaya tal zai huta ya dawo, yanzu an dakatar da shi har ƙarshen gasa, shi da mai lasisin da ko filin bai zo ba, yana can shagon ubangidansa yana ɗinki. Shekaranjiya na ga mai gemun a bayan raga yana kallon atisaye, takalminsa rataye a wuya. Shi kuwa Alhajin ƙwallo ko leƙa gidansu bai yi ba ya ba iyayensa haƙuri.

Na ji an ce zai ɗaukaka ƙara. Bismillah. In ya tashi zuwa, ya taho mana da mai hoton da mai gemun, a tsayar da su gefe da gefe.